Talauci da Zaman Kashe Wando: Hanyar da Suke Bi Su Kai Samari ga Damfarar Waya a Ƙasar Gusau

Gabatarwa

Damfara ta hanyar waya da intanet ta zama abin da kowane gida ya san labarinsa a ƙasar Hausa. Da wuya a sami majalisa ko kasuwa wadda ba a taɓa jin an ce an kira wani da sunan banki an kwashe masa kuɗi ba, ko kuwa an nuna wa mai kanti alat na ƙarya an tafi da kayansa. In aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce talauci da rashin aikin yi. Amsar tana da gaskiya, amma a dunƙule take, domin ba ta faɗi ta inda talaucin ke bi har ya kai saurayi ga laifin ba, ba ta kuma faɗi abin da ya sa wani ya faɗa wani ya tsira ba, alhali kuwa tukunya ɗaya ta ciyar da su.

Nufin wannan takarda shi ne a warware wannan dunƙule. An ɗauki garuruwa uku na Jihar Zamfara don a ga abin a wuri sananne, watau Gusau, babban birnin jihar, da Tsafe wadda ke kudu maso gabas a kan hanyar Funtuwa, da Bungudu wadda ke arewa maso yamma a kan hanyar Sakkwato. Hanya ɗaya ce ta ɗinke su, kasuwancinsu a haɗe yake, abin da ya sami ɗaya kuwa, na arziki ko na tsiya, yakan taɓa sauran.

Sunayen abin

Ya kamata a fara da kalmomi, gama suna yakan nuna yadda jama'a suka ɗauki abu. Hausa ba ta rasa kalmomin cin dukiyar mutum ba tun kafin zuwan waya. Sata ita ce ɗaukar abu a ɓoye, fashi kuwa ƙwace ne da makami. Algus na ciniki ne, kamar a tsarma wa nono ruwa, ha'inci kuma na wanda aka amince wa ne. Zamba da damfara sun bambanta da waɗannan duka, domin a cikinsu mai dukiya ne da kansa yake miƙa abinsa, bayan an rufe masa ido da magana. Tun dā akwai 'yan wala-wala a tasha da kasuwa, masu jan baƙauye ga cacar da ba zai taɓa ci ba.

Sababbin sunaye biyu sun shigo daga baya. Na fari shi ne 419, lambar wani sashe na dokar laifuffuka wanda ya yi magana kan karɓar dukiya da ƙarya. Abin lura a nan shi ne wannan doka a jihohin Kudu take aiki. Arewa tana da nata kundin, watau Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, kuma sashe na 320 ne ya yi bayanin zamba a cikinsa. Ke nan sunan da kansa ya nuna inda abin ya fito. Na biyu shi ne "ɗan yahu", daga sunan kamfanin Yahoo, wanda da akwatin wasiƙarsa ake aika wasiƙun yaudara a farkon zamanin intanet. Hausa ta liƙa wa wannan suna ɗafa-goshin nan na "ɗan" da "'yan", wanda ke nuna abin da mutum ya lazimta, mai kyau ko mummuna, kamar ɗan kasuwa da ɗan dako da ɗan fashi. Amma "fashi" kalma ce da kowane yaro ya san nauyinta, "yahu" kuwa baƙuwa ce, ba ta ɗauke da kunyar da "ɓarawo" ke ɗauke da ita. Za a komo kan wannan a gaba.

Yadda abin ya iso Arewa

Damfarar 419 ta yi ƙarfi ne a shekarun 1980, sa'ad da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida kuma ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta zube, masu takardun digiri suka rasa wurin zuwa. A lokacin nan ta gidan waya ake aika wasiƙa daga Legas zuwa Turai da Amurka, ana yi wa Bature alkawarin dukiya mai yawa in ya fara biyan wani ɗan kuɗi. Daga ƙarshen shekarun 1990 shagunan intanet suka gaji gidan waya. A 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, a 2014 aka kawo lambar BVN, sa'an nan masu POS suka bazu har ƙauyuka. A farkon 2023 kuwa, da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, sai mai sayar da hatsi da mai nama da mai shayi duk aka tilasta musu karɓar kuɗi ta waya, ko sun iya karanta saƙo ko ba su iya ba.

Kowane mataki cikin waɗannan ya yi abu biyu. Ya rage jarin shiga damfara, ya kuma matso da wanda za a cuta kusa. Dā sai mai Turanci mai kyau, mai haƙurin watanni, shi ke iya cutar Bature a hayin teku. Yanzu kuwa waya ɗaya da Hausa mai daɗi sun isa, wanda ake cuta kuma maƙwabci ne.

Arzikin ƙasar Gusau da yadda ya karye

Gusau gari ne da ciniki ya raya. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙaura Namoda a 1929, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna suna sayen gyaɗa da auduga. Aka kafa injin gurzar auduga da na matsar man gyaɗa, a shekarun 1960 kuma aka buɗe masaƙa. Buhun auduga guda da manomin Tsafe ko na Bungudu ya noma yakan ciyar da mutane da yawa kafin ya zama yadi: ɗan baranda, da ɗan dako, da direba, da lebura, da akawu. Yaron da ya gama makaranta yana da wurin zuwa, wanda bai yi boko ba shi ma yana da nasa.

Wannan sarƙa ta tsinke a hankali. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki da ke sayen amfanin gona. Jirgin ƙasa ya yi rauni har ya daina zuwa yadda ya saba. Rashin wutar lantarki da kwararowar yadin waje mai araha suka durƙusar da masaƙun Arewa, ta Gusau ma ta rufe cikin shekarun 2000. Ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996 ya kawo ma'aikatun gwamnati, amma ofis ba ya ɗaukar abin da masaƙa da gona suke ɗauka.

Gona ce ta rage, sai ita ma rashin tsaro ya taɓa ta. Daga wajejen 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama harin 'yan bindiga da satar mutane don kuɗin fansa. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe da Bungudu sai manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka ko ya girbe, wasu kuma suka bar gonakin suka dawo cikin gari. Magungunan da aka gwada su ma sun ci nasu rabon. A Afrilun 2019 aka hana haƙar ma'adinai a jihar, ba a ɗage hanin ba sai Disamban 2024. A 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya na jihar baki ɗaya, wanda ya tsai da sana'ar mai POS da mai cajin waya da mai sayar da kati dare ɗaya. Makaranta ma ba ta tsira ba, domin a Satumban 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida, cikin ƙasar Bungudu.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya sa iyakar talauci a kan naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya. Bisa wannan ma'auni kashi 40 cikin 100 na mutanen Nijeriya matalauta ne, a Zamfara kuwa wajen kashi 74. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 34 kuwa kashi 42.5. A 2023 sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi 5, ba don an buɗe masana'antu ba, sai don an sāke ma'anar kalmar "aiki": duk wanda ya yi abin samun kuɗi na awa ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Wannan darasi ne ga mai nazarin harshe. Saurayin da ke zaune a inuwa yana jiran wanda zai aike shi, a takarda ma'aikaci ne, a bakin unguwa kuwa zaman kashe wando yake yi. Bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 tsadar kaya ta hau, har ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, ɗan abin da ake samu a irin wannan aiki ya ƙara ƙanƙancewa.

Irin damfarar da ake yi

Manyan 'yan yahu masu cutar kamfanonin ƙasashen waje sun fi yawa a manyan biranen Kudu. Abin da ya fi addabar garuruwa irin su Gusau da Tsafe da Bungudu ƙaramar damfara ce ta cikin gida, kuma ana iya kasa ta kamar haka.

Ta fari ita ce kiran banki, inda wani zai kira ya ce za a rufe asusun mutum in bai faɗi lambobin katinsa ko lambar da aka turo masa ba. Ta biyu ita ce satar waya don layin da ke cikinta, domin layin shi ne mabuɗin asusu. Ta uku alat na ƙarya ne, wanda ya fi cin 'yan kasuwar da ba su saba duba abin da ya rage a asusu ba. Ta huɗu ita ce tallafi ko aikin gwamnati na ƙarya, inda ake yaɗa saƙo da sunan wani shiri sananne kamar N-Power, a ce a cika suna da lambobi ko a biya kuɗin fom. Ta biyar ita ce ƙwace shafin mutum na Facebook ko WhatsApp a roƙi 'yan'uwansa rance da sunansa.

Duk waɗannan suna bukatar asusun da za a zuba kuɗin a ciki, mai damfara kuwa ba ya so ya yi amfani da nasa. Saboda haka sai ya nemi wanda zai ba shi aron asusu a ba shi ɗan wani abu. Sau da yawa ta wannan ƙofa saurayi ke fara shiga, yana ganin bai kira kowa ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Amma sunansa da lambarsa ne ke jikin asusun, shi ne kuma farkon wanda hukuma za ta kai gare shi.

Matakai uku

Masanin zamantakewa na Amurka Robert Merton ya nuna a 1938 cewa in al'umma ta ɗora wa kowa buri ɗaya, sa'an nan ta toshe wa wasu halaltacciyar hanyar kai gare shi, lalle wasu za su nemi ɓarauniyar hanya. Donald Cressey kuma, a 1953, ya bayyana cewa mai cin amana yakan haɗa abu uku: matsi, da dama, da hujjar da zai kwantar wa kansa da hankali da ita. Waɗannan uku sun dace da abin da ake magana a kai.

Matsin ya wuce yunwar ciki. A al'adar Hausa namiji ba ya cika mutum sai ya ajiye iyali, ajiye iyali kuwa yana bukatar sadaki da lefe da ɗaki. Wanda iyayensa suka sayar da akuya da hatsi suka kai shi kwalejin Maru ko ta Ƙaura Namoda, ana jiran ranar da zai ɗauke musu cefane. In shekara biyar ta wuce yana karɓar kuɗin kati a hannun tsohuwarsa, kunyar da ke kansa ta fi yunwa ciwo. Ga shi kuma waya tana nuna masa tsararsa cikin mota da sababbin shaddodi kullum. Yadda samarin Arewa suka duƙufa kan danna wasan Hamster Kombat a 2024, suna jiran kuɗin da bai taka kara ya karya ba da aka raba a watan Satumba, da yadda mutane suka zuba kuɗi a MMM kafin ta rushe a Disamban 2016 da CBEX kafin tata rushewar a Afrilun 2025, duk alama ce ta yawan masu neman mafita a cikin waya.

Dama kuwa ita ce ta bambanta wani matalauci da wani. Damfarar waya tana bukatar iya karatu da rubutu, da babbar waya, da sanin yadda banki ke aiki. Saboda haka mafi talauci ba shi ne ke shigarta ba. Yaron ƙauye da bai yi boko ba, in matsi ya kai shi bango, ramin zinariya ke jansa, ko ci-rani, ko kuma, in abin ya ɓaci, kai wa 'yan bindiga rahoto. Mai takardar sakandare ko difloma wanda ya rasa wurin kai ta, shi ne damfarar waya ta fi kusa da shi. Watau ilmin da aka ba shi don ya yi aiki shi ne ya zama kayan aikin ɓarna da aikin ya ƙi samuwa.

Dole kuma a faɗi cewa talauci ba ya bayyana komai. Obinwanne Okeke, wanda wata kotun Amurka ta ɗaure shekara 10 a 2021, mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa shi cikin fitattun matasan 'yan kasuwa a 2016. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Dubai aka kama shi a 2020 cikin daula, aka yanke masa fiye da shekara 11 a 2022. Talauci yakan kai mutum bakin ƙofa, amma kwaɗayi da kirarin maroƙa ne ke zaunar da shi a ciki. Dubban samari kuma a Gusau suna cikin matsi iri ɗaya, suna tura baro, suna acaɓa, suna gyaran waya, ba su taɓa kuɗin kowa ba.

Aikin harshe a cikin damfara

Mataki na uku, watau hujja, da harshe ake gina shi, kuma nan ne nazarin Hausa ke da abin cewa. Mai damfara yana amfani da harshe sau biyu, sau ɗaya a kan wanda zai cuta, sau ɗaya a kan kansa.

A kan wanda zai cuta, yakan fara da cikakkiyar sallama da gaisuwa, ya kira shi Alhaji ko Baba ko Hajiya, ya tambayi iyali. Bahaushen da ya saba jin banki na yi masa Turancin da ba ya ganewa, in ya ji ma'aikaci na yi masa Hausa cikin ladabi sai ya saki jiki. Daga nan sai a kawo tsoro da gaggawa, a ce yau za a rufe, a cakuɗa kalmomin Turanci biyu ko uku don maganar ta yi kama da ta ofis, a rufe da rantsuwa. Hanya ce irin ta shigo-shigo ba zurfi: ba a tambayar lambar sirri da fari, sai an tambayi abubuwa uku da ba su da lahani.

A kan kansa kuwa, sai ya sauya wa abin suna. Ba ya cewa sata, sai "harka" ko "buga-buga". Ba ya cewa ya cuci wane, sai "ya wanke shi", kuɗin kuma "rabo" ne ko "sa'a". Ga kuma hujjar da ta fi kowace ƙarfi, cewa manya ma ci suke yi. Fuskar wanda aka cuta ba a ganinta, kukansa ba a jinsa, saboda haka kunya da tausayi, waɗanda su ne ke tsare hannun mutum a kasuwar ƙauye, ba su sami abin kamawa ba. Nan ne baƙuntar kalmar "yahu" ke yi wa mai laifi amfani.

Doka

Doka ba ta yi shiru ba. An kafa hukumar EFCC a 2003, ofishinta na Sakkwato ne kuma ke kula da Zamfara. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba bai kuma wuce 20 ba ga mai karɓar dukiya da ƙarya. A 2015 aka yi dokar laifuffukan intanet, aka gyara ta a 2024, a Disamban 2020 kuma aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Zamfara ita ce jihar da ta fara aiki da dokokin laifuffuka na Shari'a a Janairun 2000, kuma babu malamin da ke shakkar haramcin cin dukiyar mutane da ƙarya. Amma doka tana kama wanda ya riga ya faɗa ne, ba ta buɗe masaƙa, ba ta mai da manomi gonarsa.

Abin da ya rataya a wuyan malamai

Samar da tsaro da aiki nauyin hukuma ne, amma akwai abin da ke hannun malaman kwalejojin horon malamai, domin ɗalibansu su ne za su tsaya gaban yaran Tsafe da Bungudu gobe. Na fari shi ne a koyar da ma'anar katin banki da lambar sirri da alat cikin Hausa bayyananniya, a kuma yi wa abubuwan nan kalmomi tabbatattu, yadda yaro zai koma gida ya fahimtar da mahaifinsa cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Na biyu shi ne a gaya wa ɗalibai ƙarara cewa ba da aron asusu shiga laifi ne. Na uku shi ne a haɗa koyar da kwamfuta da sana'ar da za a ci abinci da ita, gama hannun da ya iya, in bai sami abin yi ba, zai nemo wa kansa. Na ƙarshe kuwa ya shafi malamin Hausa musamman, watau ya riƙa kiran abin da sunansa na asali a aji, ya sa yara su gwada "harka" da "zamba", su ga abin da kalma ɗaya ta ɓoye wanda ɗayar ta bayyana. Yaron da ya saba jin an ce zamba tun yana firamare, zai yi wuya a zo masa da ita da wani suna ya kasa gane ta.